Gyaɗa mai rawayar ganye a baƙar ƙasar Akuse: yadda ake samar da irin da ke jure wa alli

Duk wanda ya kama hanyar Akosombo daga Akra, da zarar ya wuce Afienya da duwatsun Shai ya doshi mararrabar Asutsuare da Akuse, zai ga ƙasa ta sauya kama. Jar ƙasar da muka saba gani a unguwanninmu ta koma baƙar laka mai danƙo, wadda da damina take riƙe takalmin mutum, da rani kuma ta tsattsage har hannu yana iya shiga. A irin wannan wuri wani kawuna ya karɓi hayar fili, bayan ya yi shekaru yana noman albasa da latas a bakin magudanan ruwa na cikin birni. Ya sayi gyaɗa a kasuwar Nima ya shuka, ta tsiro lafiya lau, amma kafin ta cika wata ɗaya sai sababbin ganyayenta suka fara fitowa rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai suka rage kore. Mai shagon taki ya ce masa yunwa ce, ya sayar masa da NPK, ya zuba, rawayar ta ƙaru. Ranar da na je gonar ya tsaya a bakin kunya ya ce mini: "Ɗana, ƙasar nan baƙa ce wuluk, kowa ya gan ta ya san mai ƙarfi ce, to me ya hana ta ciyar da gyaɗa?" Na ce, "Kawu, mu tona mu gani." Da muka tona kamar kamu ɗaya sai ga fararen tsakuwoyi ƙanana a cikin lakar, muka matsa musu lemun tsami, suka yi kumfa.

Kumfar nan ita ce shaidar alli, wato sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon kawa da ɓawon ƙwai, wanda masana ke kira kalsiyam kabonet. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne, a tsakiyar kunyoyin da suka yi rawaya akwai wasu 'yan gindi ɗaiɗaiku da suka tsaya kore shar, ga su a laka ɗaya da 'yan uwansu, ruwa ɗaya suke sha. Gyaɗar kasuwa gauraye take, daga gonaki daban-daban aka tattaro ta, don haka yana yiwuwa ƙwarai waɗannan 'yan gindin suna ɗauke da wata baiwa ta gado da sauran ba su da ita. Aikin masu inganta iri gaba ɗayansa a kan wannan bambancin yake tsaye.

Wajibi ne a fara da faɗin cewa yawancin ƙasar Gana mai tsami ce. A kudu maso yamma, wajen Axim, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, ruwa ya daɗe da wanke allin ƙasa, har ma shawarar da ake ba manoma ita ce su zuba farar ƙasa don kashe tsamin. Filayen Akra kuwa suna cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwa a ƙasar, shi ya sa allin da dutsen ƙarƙashi ya saki bai wanku ba, ya dunƙule a cikin laka. Akwai kuma dutsen farar ƙasa a wurare irin su Buipe da Oterkpolu, sannan a cikin birni mu da kanmu muke ƙirƙirar ƙasa mai alli ba tare da mun sani ba, a filayen da aka zubar da ɓaraguzan gini da ragowar siminti da toka. A duniya matsalar ta fi haka girma nesa ba kusa ba, domin ana ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na doron ƙasa mai alli ne: gaɓar Bahar Rum, Masar da Sham, yankin Saurashtra na jihar Gujarat a Indiya inda gyaɗa ce babbar sana'a, arewacin Sin, da jihohin Minnesota da Iowa da Dakota ta Arewa a Amurka, inda waken suya ke yin rawaya kowace shekara.

Ana auna tsamin ƙasa da ma'aunin pH, wanda 7 ce tsakiyarsa. Ƙasa da haka tsami ne, sama da haka kuma ɓangaren kanwa ne. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san yadda ɗayan ke kashe ɗayan. Ƙasa mai alli takan tsaya tsakanin 7.5 da 8.5, kuma a daidai wannan tsakanin ne sinadarin ƙarfe ya fi ƙin narkewa a ruwa. Ƙarfen yana nan jibge a ƙasa, domin shi ne na huɗu a yawa cikin sinadaran ɓawon duniya, kusan kashi 5 cikin ɗari, sai dai yana cikin siffa irin ta tsatsa wadda saiwa ba ta iya sha. Duk hawan mataki ɗaya a ma'aunin pH yana rage narkewar wannan siffa kusan sau dubu. Shuka kuwa ba ta iya haɗa koren ganyenta sai da ƙarfe, kuma da yake ƙarfen da ya riga ya shiga tsohon ganye ba ya komawa sabo, sai a ga sababbin ganyaye na sama sun fara rawaya. Ga bambancin da mai shagon taki bai lura da shi ba: yunwar naitirojin daga tsofaffin ganyaye na ƙasa take farawa, kuma ganyen duka ne ke koɗewa har da jijiyoyinsa. Tun a shekarun 1840 wani Bafaranshe mai suna Eusèbe Gris ya nuna cewa idan aka shafa ruwan gishirin ƙarfe a ganyen da ya yi irin wannan rawaya, korensa yana dawowa.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne baikabonet, wanda ke samuwa idan iskar da saiwa da ƙwayoyin ƙasa ke fitarwa ta haɗu da ruwa da alli. A laka mai danƙo da ruwa ya kwanta a cikinta, iskar ba ta samun hanyar fita, baikabonet ya taru, shi ya sa rawayar ta fi tsanani bayan ruwa mai yawa ko ban-ruwa da ya wuce kima, wani lokaci kuma ta lafa da kanta idan ƙasa ta sha iska. Takin da ke ɗauke da naitiret mai yawa shi ma yana ƙara wutar, domin idan saiwa ta sha shi takan mayar da ƙasar da ke kewaye da ita ɓangaren kanwa. Bayan ƙarfe, alli yana ɗaure fosfaros da zinki da manganis, amma ƙarfen ne ya fi bayyana a ido.

Tsirrai suna da dabaru biyu na ƙwato ƙarfe daga ƙasa, kamar yadda masana biyu na Jamus, Römheld da Marschner, suka fayyace a 1986. Dangin ciyawa, wato masara da dawa da gero da alkama da sha'ir, suna fitar da wani sinadari daga saiwarsu wanda ke kama ƙarfen ya narkar da shi, saiwar ta haɗiye su tare. Wani masanin Japan, Takagi, shi ya fara gano wannan sinadari a 1976. Wannan dabarar alli bai cika karya ta ba. Dangin wake kuwa, gyaɗa da wake da waken suya da gujiya, hanyarsu ta fi tsawo: saiwa tana fitar da tsami don narkar da ƙarfen, sannan wani sinadari a fatar saiwar ya juya shi zuwa siffar da ake iya sha, sannan wata ƙofa ta musamman ta shigar da shi. Baikabonet yana kashe tsamin tun kafin ya yi aiki, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Irin da ke jure wa alli shi ne wanda ya fi saurin gane cewa yana cikin yunwar ƙarfe, ya fi yawan fitar da tsami, ya fi ƙarfin juya ƙarfen, kuma ya fi iya kai shi har cikin ganye ba tare da ya maƙale a hanya ba.

Dangin wake suna shan duka biyu a nan. Darajarsu a gona ita ce 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne dalilin da ya sa kakanninmu suke bin gonar dawa da wake. Idan aka fasa ƙullin da ke aiki za a ga cikinsa ja-ja, kuma wannan jan na wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke cikin jininmu, shi ma da ƙarfe ake gina shi, haka nan sinadarin da ke kama naitirojin ɗin kansa. Saboda haka gyaɗar da ta rasa ƙarfe ta rasa koren ganye, ta kuma rasa takin da take yi wa kanta. Abin mamaki a sha'anin gyaɗa shi ne tana matuƙar son kalsiyam, domin kwansonta kai tsaye yake shan sa daga ƙasar da ya nutse a ciki, idan babu shi sai a tono fanko. Kalsiyam ɗin bai yi mata laifi ba, baikabonet da hawan pH ne ke cutar da ita.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a gyara ƙasar ba a huta? Lissafi ne ya hana. Saman ƙasar hekta ɗaya, zurfin da garma ke juyawa, ya kai kimanin tan 2,000. Idan kashi ɗaya tak cikin ɗari alli ne, tan 20 ke nan, kuma kashe shi yana buƙatar fiye da tan 6 na farar wuta. Ƙasashe masu alli da yawa kuwa suna da kashi 10 ko 20 ko fiye. Akwai wani jan gari da ake kira Fe-EDDHA, wanda ke riƙe ƙarfe a narke ko da a cikin alli, manoman waken suya a Amurka suna zuba shi a ramin shuka kuma yana aiki, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mai kadada ɗaya ko biyu. Feshin gishirin ƙarfe a ganye ya fi araha, ana yin sa a Indiya, sai dai ganyen da feshin ya taɓa ne kaɗai ke warkewa, na bayansa ya sake fitowa rawaya, dole a maimaita. Wata dabara mai kyau ta fito daga Sin, inda masana Jami'ar Aikin Gona ta ƙasar suka nuna cewa gyaɗar da aka shuka tsakanin masara, saiwoyinsu suna cuɗanya, ta fi samun ƙarfe, saboda tana cin arziƙin sinadarin da masarar ke fitarwa. Mu da muka gaji shuka gauraye ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Duk da haka, a ganina, babu maganin da ya kai iri sauƙi ga talaka, domin sau ɗaya zai saya, kuma gyaɗa da wake da waken suya duk furensu da kansa yake yi wa kansa barbara, don haka abin da ya ajiye daga girbinsa zai fito da halin uwarsa.

Shaidar cewa juriyar nan gado ce ta daɗe. A 1943 wani masani a Amurka, Martin Weiss, ya nuna cewa a wasu nau'o'in waken suya ƙwayar gado ɗaya ce ke raba mai iya shan ƙarfe da wanda ba ya iyawa. Daga baya aka gane cewa a gona lamarin ya fi haka sarƙaƙiya: akwai wani babban gurbi a kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) na 3 na waken suya da ke ɗauke da kaso mai tsoka na juriyar, amma akwai ƙananan gurabe da dama da kowannensu ke ƙara ɗan abin da ya samu. A yau kamfanonin iri a arewacin Amurka suna rubuta makin juriyar kowane iri, yawanci daga 1 zuwa 5, manomi ya zaɓa gwargwadon gonarsa. A ɓangaren gyaɗa, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da aka kafa a 1972 kusa da Hyderabad ta Indiya tana da wani layi, wato zaɓaɓɓiyar zuriyar iri, mai lamba ICGV 86031 wanda ya yi suna wajen riƙe korensa a ƙasa mai alli, kuma an yi amfani da shi a matsayin uwa don gano guraben gadon da ke da alhakin haka.

Matakin farko na aikin shi ne neman inda baiwar take, kuma hankali ya nuna a fara da irin da manoma suka daɗe suna shukawa a ƙasa mai alli, domin ƙasar ta riga ta yi musu tankaɗe. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na waken da Larabawa ke kira turmus. Nau'insa mai siririn ganye, wanda John Gladstones ya mayar da shi amfanin gona a Yammacin Ostareliya a shekarun 1960, a yashi mai tsami yake jin daɗi, da ya taɓa alli sai ya lalace. Farin turmus shi ma yawancinsa haka yake, amma wanda manoman Masar suka riƙe a ƙasarsu ya nuna juriya fiye da na Turai, shi ya sa masu inganta iri suke komawa gare shi. Haka cibiyar ICARDA, da aka kafa a 1977 a Halab ta Siriya, ta yi aikinta na adas da hummus, wasu dangin wake, a ƙasar da alli ya yi mata yawa, inda duk layin da ba ya jurewa yake tona asirin kansa a fili. Mu ma muna da rumbuna: cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan tana riƙe da nau'o'in wake fiye da 15,000, kuma a nan gida akwai cibiyar adana irin shuke-shuke ta hukumar binciken kimiyya ta Gana, CSIR, a Bunso.

Mataki na biyu, wato tantancewa, shi ne ya fi ba da wahala, kuma a nan ne ayyuka da yawa ke tuntuɓe. Alli ba ya shimfiɗuwa daidai a gona. Taku goma kaɗan za su iya raba wuri mai tsanani da wuri mai sauƙi, don haka layin da ya faɗa wuri mai sauƙi zai yi kama da gwarzo alhali sa'a ce kawai ya taka. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci rawayar ba za ta fito ba sam, aikin shekara guda ya tafi a banza. Saboda haka ake shuka kowane layi sau uku ko huɗu a wurare daban-daban na fili ɗaya, a jera shi da wani iri da aka san raunin sa da wani da aka san ƙarfinsa don su zama ma'auni, a kuma maimaita a garuruwa da shekaru. Ana ba da maki da ido, ana kuma amfani da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa ganye ta auna korensa. Wasu suna renon tsiron a ruwa da aka zuba wa baikabonet, wasu a tukwane da aka cika da ƙasar wurin, hanyoyin da ke da sauri amma sakamakonsu ba kullum yake dacewa da na gona ba. Kuma kore kaɗai ba ya isa, domin akwai layin da zai yi rawaya da wuri ya farfaɗo ya ba da amfani, akwai wanda zai tsaya kore ya ba da kaɗan. Awon buhu a ƙarshe shi ne alƙali.

Idan an samu uwa mai juriya sai a haɗa ta da irin da manoma ke so. A gyaɗa aikin hannu ne mai laushi: da yamma a buɗe furen da bai riga ya buɗe ba a cire mazajensa da ɗan hantsaki, da sassafe a kawo garin furen ɗaya uwar a shafa. 'Ya'yan farko duk kamarsu ɗaya, a jikoki ne halaye ke rarrabuwa, daga nan a yi ta zaɓe zuriya bayan zuriya har layin ya daidaita. Sau da yawa uwa mai juriya tana zuwa da kayan da ba a so, ƙananan ƙwaya ko jinkirin nuna, sai an yi ta mayar da 'ya'yan ga uwa ta gari kafin a rabu da su. Daga haɗin farko zuwa sakin iri ga manoma yakan ɗauki shekara 8 zuwa 12. Karanta jerin ƙwayoyin gadon waken suya a 2010, da na gyaɗa da na wake a 2019, ya rage wani ɓangare na wahalar, domin yanzu ana iya yankar ɗan ganye tun tsiro yana ƙarami a duba ko ya gaji gurbin da ake nema, a zubar da waɗanda ba su gada ba kafin a kai su gona. Sai dai alamar gado ba ta da amfani sai an fara tabbatar da ita a ƙasa ta gaske. Akwai kuma abokin tafiya da ake yawan mantawa da shi, wato bakteriyar ƙullin saiwa, wadda ita ma nau'o'inta sun bambanta wajen jure wa alli, don haka zaɓen iri ba tare da duba wadda za ta zauna da shi ba rabin aiki ne.

A Gana muna da masu wannan sana'a. Cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua kusa da Kumasi da cibiyar SARI ta Nyankpala kusa da Tamale su ne suka fitar da irin da manomanmu suka sani da suna, kamar waken Asontem da Songotra da Padi-Tuya, da waken suya Jenguma, da gyaɗa Nkatiesari. Cibiyar binciken ƙasa tana Kwadaso, Jami'ar Gana tana da tashar binciken ƙasa da ban-ruwa a Kpong, a tsakiyar baƙar lakar da muke magana a kanta, sannan a Legon akwai WACCI, wadda Farfesa Eric Danquah ya jagoranci kafa ta a 2007 don horar da masu inganta iri na Afirka ta Yamma. Hankalin waɗannan cibiyoyi ya fi karkata ga fari da ƙuduji da cututtukan ganye da ƙwari, kuma suna da gaskiya, domin su ne ke cin amfanin mafi yawan manoma. Abin da nake gani ya kamata a ƙara ba ya buƙatar sabon gini: duk layin gyaɗa ko wake ko waken suya da ya kusa fita, a shuka shi damina biyu a lakar Akuse a wurin da aka tabbatar akwai alli, a rubuta makinsa a takardar da ke bin irin. Noman rani yana faɗaɗa a filayen Akra, kuma baje ƙasa da katafila don shirya ban-ruwa yana fito da allin da ke binne zuwa sama, ga shi manoman shinkafa na Asutsuare suna buƙatar dangin wake da za su riƙa juya gona da su. Dole kuma a tuna da kasuwa, domin mai sayar da wake da shinkafa a Mamobi da mai ƙosai da mai ƙuliƙuli kowacce ta san ƙwayar da take so, girmanta da launinta da yawan manta, kuma irin da suka ƙi saya manomi ba zai sake shuka shi ba komai korensa.

Kawuna ya ɗaura tsumma a kan 'yan gindin nan da suka tsaya kore, ya tone su dabam lokacin girbi, abin da ya samu bai cika kwano ɗaya ba. Na gaya masa cewa ba mu da tabbacin gado ne ya tsare su, domin yana yiwuwa sun faɗa inda allin ya yi nisa da saiwa. Hanyar ganewa ita ce ya kai su daidai wurin da rawayar ta fi tsanani, ya shuka kunya ɗaya tasu, kunya ɗaya ta gyaɗar kasuwa, ya yi ta jerawa haka har irin ya ƙare, kada ya zuba wa kowacce taki, ya kuma ja rami a gefe don ruwa ya daina kwanciya. Ya ce zai sa masara a kunyoyin ƙarshe don ya gwada maganar mutanen Sin da idonsa, kuma ya riga ya zuba gyaɗar a cikin kwansonta a tulu ya rufe bakinsa yana jiran ruwan Afrilu.